Sunan Ɗiyar Hwari

Asibiti, Sakkwato
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Sa'adu,

Salamu alaikum. Yaya ina gaishe ka, ina gaida Inno da ƙanwarmu Salima da dut mutanen Taloka. Ni ta, ƙanwarka Rumaisa. Ka san ban yi boko ba, Malama Adawiyya ta nan asibiti ita ka rubutawa, nic ce ta sa yadda nih hwaɗa, kada ta gyara mini baki. Waya ba ni iyawa, kalma biyat sai numhwashi shi tsaya mini ga wuya. Nan ko ina hwaɗi ina hutawa.

Yaya tsoro ni ka ji. Kun san haihuwa ta riga ni tahowa gida, can Wurno nih haihu, uwar maigida tay yi mini wanka. Abin da ban gaya muku ba, kwana sha bakwai da biƙi, da haihuwar ke nan, ƙahwata ta hagu tak kumbura, tay yi zahi, ba ni iya taka ta. Tsohuwa tana gasa mini ita da ruwan zahi tana matsawa, don tausai. Ran nan na tashi za ni bayi sai ƙirjina yak kama awa an soka mini wuƙa, nit tara tari, sai jini. Kun ji an kawo ni nan, kun ji an sallame ni. To wata ukku ke nan numhwashi bai dawo ba. Yaron ma ba ni iya goya shi daga ɗaki zuwa bakin zaure. Shi na anka sake kwantar da ni, ga robar iska ga hanci.

Likita ya ce jini na yad daskare cikin jijiyar ƙahwa, guda yaɓ ɓalle yat tahi huhu yat toshe hanya, kuma har yau da saura. Wai hawan jini na huhu, ba irin wanda a ka awo ga hannu ba. Da ban gane ba sai yac ce, kin san injin ban ruwa in laka ta toshe tiyo? Nic ce na sani, kuka shi ka yi har shi ƙone. Yac ce to zuciyarki ke nan.

Akwai wasu likitoci nan masu bincike, suna bin mata irina guda guda, suna son su gane mi ka sa jinin wasu daskarewa bayan biƙi, ko gado na. Sun nemi yardata, ni da maigida mun yarda, na dangwala yatsa. Sunka tambaye ni ko an taɓa rasa mai jego gidanmu. Nic ce Yaya Baraka, shekara shidda ke nan. Sunka ce yaya tay yi? Yaya, ban sani ba. Ina Maikujera wurin Gwaggo sa'an nan, kai kana makaranta. Inno ɗai ka ɗaki da ita.

Don Allah ka tambaye ta. Ƙahwa ta kumbura? Ta yi haki? In hakanan na, sun ce Salima da cikinta wata takwas kada ta haihu gida, a kawo ta nan, in ta haihu a yi mata allura kullum har ta yi arba'in. Suna son jinin Inno da na Salima, ɗan kaɗan, bai kai cokali biyu ba. Kuma sun ce ko wa ƙahwa tak kumbure ma, kada a matsa.

Ka karanta mata sannu, ban da dogon bayaninka na malaman makaranta. Allah shi bar zumunci.

Ƙanwarka,
Rumaisa

*

Goronyo
Ranar Asabar

Zuwa ga ƙanwata Rumaisa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya sa kaffara ne. Direban motar albasa ya kawo mini takardarki ranar Laraba, washegari da aka tashi makaranta na hau babur zuwa Taloka.

Na iske Inno tana tsince gero, Salima na gefenta ta miƙe ƙafafu. Na karanta sannu, yadda kika ce. Inno ta ce ciwonki sanyin fadamar Wurno ne, tun farko ita ba ta so aka kai ki gidan masu kwana cikin ruwan shinkafa ba. Ta ce jininta ba na gwaji ba ne, kuma Salima ɗakinta za ta haihu, itacen wanka ma an riga an tara.

Da na zo kan tambayarki, kin san halin. Marigayiya 'yar fari ce. Tun muna yara Inno ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai “waccan” ko “ta Gwaggo”. Ranar da aka kai ta makwancinta ma, an ce ba wanda ya ga hawayenta, tashi ta yi ta ɗora wa masu gaisuwa tukunya. Ta dube ni ta ce, “Sa'adu, karatun naka ya kai ka tambayar uwa abin da ba a tambaya?” Na ji kunya, ban ɓoye miki ba.

Abu ɗaya dai na lura da shi. Da na karanta inda suka ce kada a matsa ƙafa, faifan ya kuɓuce mata, gero ya zube, kaji suka taru, ba ta ko kore su ba. Ta ce in sake karanta wurin. Na sake. Sai ta shiga ɗaki, har na tafi ba ta fito ba.

Salima ta biyo ni zaure ta ce tana jin tsoro, amma mijinta ya miƙa ta hannun Inno har arba'in, ba ta fita sai Inno ta ce. Ungozoma ta ce bai wuce mako uku ba. Ni iyakar ƙoƙarina ke nan, sai dai ki yi mata magana da bakinki.

Ki gaida Malama Adawiyya, Allah ya saka mata. Ki riƙa shan magani kan lokaci.

Yayanki,
Sa'adu

*

Asibiti, Sakkwato
Ranar Litinin

Zuwa ga Inno,

Inno ina wuni, ina gajiya. Na durƙusa, ki yi mini gahwara, yau za ni hwaɗin abin da ba a hwaɗi. Yaya ka karanta dut, kada ka tsallake ko ɗaya, in ka tsallake Allah na gani.

Inno, kwana biyu ina tunanin geron da yaz zube. Ke da ko tsaba guda tah hwaɗi sai kin duƙa. Na gane. Ƙahwarta ta kumbura, kin gasa mata, kin matsa, awa yadda kowace uwa ka yi. Shekara shidda kina riƙe da shi ke ɗai, yanzu kuma takardata ta zaka tac ce miki hannunki na.

Ban bari ba, na tambayi babban likitan, wani mai hurhura, Malama Adawiyya na tsaye shaida. Nic ce, wadda tam matsa ita tak kashe? Yac ce ba mahalukin da ka iya hwaɗin haka. Yac ce gudan jinin nan shina ɓallewa ko ba a taɓa ba, mace na kwance lahiya lau sai shi tahi. Hanin da su ka yi, don a kiyaye na, ba don a kama wani ba. Yac ce su kansu da dut na'urorinsu ba su gama gane abin ba, shi as sa su ka bin mu suna tambaya. To ke mi za ki sani cikin ɗaki da tukunya da ganyen darbejiya? Uwar maigida ta matsa tawa, kuma jiya ita tak kawo mini kunu, nis sha, ban riƙe ta da komi ba.

Bari in huta.

Inno, gadon da ka kusa da nawa akwai wata ɗiyar Fulani daga wajen Rabah, ciwonmu guda. Shekaranjiya anka naɗe katihwarta. Ɗiyarta wata huɗu. Kakar ta zaka ɗaukar kaya tana ta juya kwanon, ba ta san inda za ta sa shi ba. Ni ban san nawa kwanan ba. Sun ce magani na hana wani gudan, amma wanda yar riga yaz zauna sai abin da Allah yay yi. Ni tawa ta riga ta samu. Salima tata ba ta samu ba tukuna.

Ke kik koya mini kunya, kuma na riƙe. Yaron ga ɗan hwarina na. Tun da anka raɗa mai suna ban taɓa hwaɗi ba, ko ni ɗai cikin ɗaki. In mutane na nan ko kallonai ba ni yi. Sai nit tuna in na tahi yanzu, za shi girma ba wanda ka iya ce mai uwarka ta taɓa kiranka. To ga shi gaban Malama, gaban Yaya, gabanki. Siddiƙu. Sunan ɗana Siddiƙu. Na hwaɗa, ƙasa ba ta tsage ba.

Ba ni ce ki yi kuka gaban mutane ba. Ki gaya ma Yaya yadda tay yi, shi rubuta, likitoci su gani. Ki ba Salima hanya. Itacen wanka ba shi ruɓewa, in ta dawo kya yi mata, sun ce wanka ba su hana ba in ruwan bai yi ƙuna ba.

In na ɓata miki, ki yahe mini tun ina ji.

Ɗiyarki,
Rumaisa

*

Taloka
Ranar Alhamis

Rumaisa,

Na amsa gaisuwarki. Sa'adu ka rubutu, na ce kada shi ƙara kada shi rage.

Ki gaya ma mai hurhuran. Ta hagu ta. Ran sha biyat ga biƙi tak kumbura tun daga idon sawu har gwiwa. Kwana huɗu ina gasawa ina matsawa. Ran sha tara da hantsi na gama mata wanka, tat tashi za ta ɗauki zane, tad dahe ƙirji, tac ce Inno iska ya ƙare. Leɓenta yay yi baƙi. Bisa cinyata tac cika, ruwan wankan bai huce ba. Ta kira ni sau ukku. Ni ban kira ta ba.

Baraka. Sunanta Baraka. Shi rubuta shi da kyau cikin takardarsu.

Gobe bayan an sauko Juma'a muna tahe da Salima cikin motar albasa. Su tanadi kwalbarsu, hannuna na nan. Itacen na sa an ruhe shi da tabarma.

Ki ce ma uwar mijinki ta kawo Siddiƙu asibiti, ni ka goyonai. Ke ki yi ta numhwashi har in iso.

Uwarki