Ramukan da Sosu Ya Kwashe

Ni Kpade Amusu, masunci, na rubuta wa 'ya'yana wannan wasiyya hankalina garau. Ƙafafu ne suka ƙi, kai bai ƙi ba.

Na ɗaya. Kwalekwale da babban taru na Anani ne. Gonar kwakwa ta Ayaba ce, ta riƙe uwarku da ita.

Na biyu. Sosu, kai ne babba, za ka nemi rabonka a sama ka rasa. Ga dalili. Da hukuma ta keɓe gaɓar nan, ta hana taɓa kunkurun teku da ƙwansa, gari ya so ya yi bore. Ni na miƙe gaban dattawa na ce a yarda, gidana zai yi gadi. Aka yi ta kirana mijin kunkuru, na shanye. Kai na zaɓa na koya wa aikin: yadda ake bin sawun uwa har inda ta binne ƙwai, a share sawun da reshen kwakwa don ɓarawo ya rasa wurin. A bana, da ciwo ya kwantar da ni, kullum sai ka dawo ka ce, "Baba, huta abinka, kowane rami na nan lafiya."

Lokacin ƙyanƙyasa ya yi, na sa aka ɗauke ni zuwa bakin ruwa, na gayyato dattawan nan su ga 'ya'yan kunkuru suna rarrafe zuwa teku. Muka zauna har rana ta take. Ko ɗaya bai fito ba. Anani ya tona rami bayan rami, yashi zalla. Sai wata mai tuyar kifi ta ce, "Haba tsoho, wai kai kaɗai ne ba ka sani ba? Ai a kwandon Sosu muke sayen ƙwai." Kana kwashewa, ka share sawu yadda na koya maka, ashe ni kake ɓoye wa. Ka ci amanata, Sosu, ka kunyata ni gaban sa'o'ina. Har yau abin na ci mini rai, ba zan yi ƙaryar ya wuce ba.

Na uku. Gadin gaɓa ya koma hannun Ayaba. Za a ce mace ce. A ce mana! Ki je ki durƙusa wa dattawa, ki ba su haƙuri da sunana, ki roƙi a bar wa gidanmu aikin ko da shekara guda ce, a gani.

Na huɗu. Anani, ka bar maganar kai yayanka wurin jandarmomi. Ban yarda ba.

Ubangiji ya albarkace ku duka ukun, ya cika muku taru, ya dawo da ku gida lafiya duk ranar da kuka shiga ruwa. Kada ku watse bayana. Ɗakin Sosu nasa ne, 'ya'yansa naku ne, ku ci da shi a kwano ɗaya, ya kama gawata tare da ku. Amma in kunkuru ya hau gaɓa, kada kowa ya gaya masa.