Ludayi Ya Kayar da Ƙaninki

Zuwa ga Yaya,

A sanar da dangi na kusa da na nesa cewa ƙaninki, mahaddacin kalmomin da Turawa kansu sai sun buɗe ƙamus suke ganewa, ya sha kaye a hannun ludayi.

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ya maigidanki da yara? Ni lafiyata lau.

Jarrabawar Turanci ranar Asabar ce. In na faɗi, ba za a sabunta mini takardar aiki a gidan kula da tsofaffi na nan ƙasar waje ba, sai dai ku gan ni da jakata. Shi ya sa na lulluɓe bangon ɗakina da manyan kalmomi, na rushewar dauloli da taɓarɓarewar arziki. Jiya a gwaji, malama ta nuna mini hoton kicin ta ce in bayyana. Yaya, ga ludayi a gabana, na rasa sunansa da Turanci. Na kira shi “na'urar jigilar miya”. Ba ta yi dariya ba, rubutu ta yi.

Direban da muke ɗaki ɗaya ya ce, “Farfesa, ashe a bakin tukunya daular za ta rushe?”

Kada Inna ta ji, ki dai ce ta ƙara addu'a. Allah ya bar zumunci.

Na gurfanar da kaina a kotun da ni ne alƙalinta, ta ci ni tara: wanke-wanken gidan nan har Asabar, ina kiran kowane cokali da sunansa na Turanci.

Ƙaninki