Ganuwar da Muka Rushe

Jidda, daren Talata, watan Rajab

Barci ya ƙi zuwa. Yau a tashar jirgin ruwa, Bahabashen da muke dako tare ya ba ni labarin Bani Isra'ila. Wai da ganuwar Ƙudus ta rushe, gayya suka yi, kowa ya gina wajen da ke daura da ƙofar gidansa.

Ya ce, "Ku fa, Amm Sale?" Haka yake kirana da Larabci, wato Kawu Sale.

Na ce, "Halas, ya isa haka. Yalla, tashi mu koma aiki."

Me zan ce masa? Mu ganuwar Jidda aka sa mu rushe. Ni na fasa wajen da marigayi Baba yake jingina yana ɗinkin hula. Da duwatsun aka cike bakin teku. A kansu na wuni yau, da buhu a ka.