Sati Goma Sha Biyu Nake Roƙo

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta, uwar 'ya'yana, wadda in ta shigo ɗaki sai iskar wurin ta canja kamar ƙasa ta sha yayyafin farko.

Ina gaishe ki gaisuwar da takarda ba za ta iya ɗauka ba. Ya gajiyar raino? Ya jikin 'yarmu? Ya wannan sabon mijin naki mai kwana ashirin a duniya, wanda ko haƙori babu a bakinsa amma ya ƙwace min ke? Ki faɗa masa a kunne cewa na riga shi da shekara talatin da ɗaya, kuma aro na ba shi, ba kyauta ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. To ai kin san halin bakina. Da na ji muryarki sai ya ce lafiya lau tun kafin ya yi shawara da ni. Shi ya sa yau na zauna a ɗan ofishina na shago, injin yanka ya yi shiru, ma'aikata sun fita cin abinci, na share garin katako daga kan tebur na ɗauki biro. Ni da na bar makaranta a aji uku na sakandare, in kin ga harafi ya karkace ki yi masa uzuri. Hannun ya fi sabawa da zarto.

Kada ki tsorata, lafiyata ƙalau, kuma wannan karon da gaske nake. Ina ci, ina barci, ina shan maganina bayan karin safe kamar yadda kika bar ni. Shukokinki na bakin taga ban kashe ko ɗaya ba, mai faɗin ganyen nan ma ta fito da sabon tsiro. Gidan ne dai ya yi min girma. Yaushe falonmu ya zama fili haka? Ina shiga kicin in tsaya, in rasa abin da ya kawo ni, ashe motsinki nake nema. Ke ce ruwan da ke gudana a gidan nan, ya masoyiyata, sai da kika yi nisa na ji shirun da kike rufewa.

Kin tuna kujerar nan 'yar tsuguno mai karyayyar ƙafa? Lokacin da ciwon damuwa ya kwantar da ni wata huɗu, ni da na fara sana'a da aron guduma har na kai ga ɗaukar mutum tara aiki, na koma ko labule ba na son a ɗaga. 'Yan'uwa sun zo sun yi nasiha sun gaji. Yayana ya ce in tashi in zama namiji. Ke kuwa ba ki bi hanyarsu ba. Kullum da safe sai ki ajiye kujerar nan a bakin ƙofar ɗaki, ki zauna a kanta tana rawa da ke, kina tsince wake kina ba ni labarin unguwa kamar ina amsawa. Rawar kujerar nan ta fi min nasihar kowa ciwo. Matar kafinta a kan kujera mai ƙafa uku da rabi! Ranar da na ce ki miƙo min ita da ƙusa biyu, kin juya baya kina neman ƙusar a inda kin san babu, don kada in ga idonki. Na gani. Ban taɓa faɗa miki ba, amma na gani. Kuma washegari ke kika kai ni wurin likita, na bi ki kamar rago.

Shekara biyu ke nan. Maganin da likitar ta ɗora ni a kai ya tashe ni, ba zan yi masa butulci ba. Ina fita aiki, ina faɗa da masu kawo katako, ina dariya in an yi abin dariya. Muna zaman daɗi, ni da ke, irin zaman bishiyoyi biyu da rassansu suka sarƙe. Me mutum zai nema bayan wannan?

Ga abin da nake nema. Kin san sabuwar kujerar falo in mun gama ta, mukan naɗe ta da leda kafin a kai wa mai ita. Za ka iya zama a kai, ba za ta karye ba, amma ba za ka ji laushin yadin ba. Haka duniya take min tun da na tashi. Ranar da kika kira kika ce an sauka lafiya, namiji ne, na yi hamdala, na sanar da ma'aikata, suka yi ta murna. Na san ina farin ciki, kamar yadda na san tsawon ƙofa in na auna ta. Amma abin bai sauko ƙirjina ba. Na koma bayan shago na tsaya ina jiran ya sauko, bai zo ba. Ko ƙamshin sabon katako, wanda a da yake sa ni lumshe ido, yanzu hancina ne kawai yake ba ni labarinsa. Ina so in ɗauki jikana ba leda a tsakaninmu, ya farin watana. Ina so in kalle ki kina dariyar nan mai ɗaga kafaɗa, abin ya tsarga min har tafin ƙafa kamar da.

Kin san maganar da za ta biyo baya, don tare muka je asibiti kwana uku kafin tafiyarki. Likita ta ce ana gwajin wani sabon magani na masu irin ciwona, waɗanda tsohon ya ɗaga su amma bai kai su gida ba. Sati goma sha biyu. Za a janye tsohon a hankali a ƙarƙashin kulawarsu, a riƙa duba ni duk sati. Rabin mutanen za a ba su sabon maganin, rabi a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, kuma ni ba zan san wadda na samu ba, ita ma likitar ba za ta sani ba sai an gama. Ta ce ba ta yi min alkawarin zai yi aiki ba, zai iya zuwa da nasa wahalhalun, kuma duk ranar da na ce na fasa, na fasa, a mayar da ni kan na da.

Kin ga yadda na harzuƙa a ranar. Ni da ba na sayen katako sai na ƙwanƙwasa shi na ji muryarsa, a ce in haɗiyi abin da mai ba ni ma ba ta san mene ne ba? Na ce mata ko almajirin kafinta ba ya aiki ido rufe. A mota ina ta bambami, ke kina kallon titi. Sai da muka kusa gida kika ce: "Da ƙyar muka samu wannan zaman lafiyar, Baban yara." Iyakar abin da kika faɗa ke nan, ni kuma na ce ai magana ta mutu.

To ba ta mutu ba, kuma gam ne ya tashe ta. Kada ki yi dariya. Satin da ya wuce wani ya kawo min sabon gam, na duba na yaba, har na cika baki a gaban ma'aikata cewa tsohon namu ya zama tarihi. Kin san ƙa'idata, ba abin da ke taɓa kayan mutane sai na gwada shi. Na manna guntayen katako, biyar da tsohon gam, biyar da sabon, na bar su kwana biyu suka bushe, na bi su da guduma. Na tsohon suka rabu, na sabon suka riƙe. Na juyo ina hura hanci. Sai Dogo, babban ma'aikacina, wanda shekara goma sha tara muna tare bai taɓa musa min a gaban mutane ba, ya sosa ƙeya ya ce: "Maigida, gudumarka ta san wanda kake so."

Na ji kamar in kore shi. Amma na ce to a sake. Shi ya manna, ya yi alama a ƙasa inda ba zan gani ba, ya cakuɗa su. Na daka su da ƙarfi ɗaya, don ban san wanda zan tausaya wa ba. Da muka juya su, ashe tsohon da sabon duk kusan ɗaya ne. Hannuna ne ya yi min ƙarya da farko, hannun da nake rantsuwa da shi, kuma ban ma san ya yi ba. Na zauna a kan benci na yi dariya har Dogo ya tsorata. Ashe baiwar Allahn nan, likita, ba rainin hankali take min ba. Aikin da nake alfahari da shi take yi, sai dai ita ta fi ni sanin inda hannu yake ha'inci.

Daga nan sai wata kunyar ta taso. Kin tuna takardar tambayoyin da nas ta ba ni a ranar da muka je asibitin? Barci, cin abinci, jin daɗin abubuwa, tunanin da ke zuwa wa mutum. Na bi layi na caka wa kowanne babu matsala, cikin minti biyu, kamar mai sa hannu a kan kayan da aka sauke. Ta duba ta yi murmushi, ta ce in haka ne na fi ta lafiya, ita ya kamata ta hau gadon. Ke kuma kika sunkuya kina gyara takalmin da bai kwance ba. Jiya na koma na karɓi wata. Awa guda na yi a kanta. Ga ta nan na saka miki a cikin ambulan. Ki karanta, inda kika ga na sassauta wa kaina ki gyara, don ke kin san ni ta inda ni ba na ganin kaina. Akwai amsa biyu da za su ba ki mamaki. Ki yi haƙuri da ban faɗa miki su da baki ba.

Ban manta maganarki ta mota ba, ya tauraruwar asubata. Ita ce ta fi komai nauyi a wannan takarda. In aka janye tsohon maganin na faɗa cikin masu ƙwayar da ba komai, ko sabon bai karɓe ni ba, wa zai ɗauki kayan? Ni zan kwanta, amma ke za ki tsaya. Ke kika sallami masu zuwa dubiya da murmushi, ke kika riƙa ce wa yara Baba ya gaji ne, ke kika rame ni ina kwance. Da wane ido zan ce ki sake shiga wannan ramin don kawai ina kwaɗayin jin ƙamshin katako? Wanda ya ci bai fi wanda ya dafa sanin zafin wutar ba, kuma a gidanmu ke kika dafa. Saboda haka ba zan yi miki irin abin da na saba ba, in yanke in ɗinke sannan in zo in ce me kika gani.

Ina so in shiga. Na faɗa a fili, ba kwana-kwana. Ina so don kaina, kuma ina so don wani mai taurin kai irina da ke kwance a wani ɗakin yanzu, wanda wataƙila ba shi da mace kamarki a bakin ƙofa. Amma likita tana jiran amsa ranar Alhamis ta sama, ke kuma Talata za ki dawo, kuma ban sa hannu ba. In kika ce a'a, da ƙafata zan je in ce mata na fasa, ba zan ce ke kika hana ba, kuma ba za ki taɓa jin maganar a bakina ba ko a ranar da muka saɓa. Abin da muke da shi yanzu ma ni'ima ce, zan riƙe shi hannu biyu in gode wa Allah.

In kuma kika ce to, ga sharaɗin da na ɗora wa kaina. Na tambayi likita ko za ki iya raka ni duk sati, ta ce ai haka ma suka fi so. Ki zauna kusa da ni, in na fara gyara zance ki buɗe baki ki kunyata ni, na yafe tun yanzu. Kuma duk ranar da kika kalle ni kika ga ina komawa inda na fito, ko sati na biyu ne ko na goma sha ɗaya, ki ce min ya isa. Ba sai kin kawo hujja ba. Ko ina rantsuwa cewa garau nake, ko ina ɗaga murya, a ranar zan kira su in ce na fita. Shekara talatin ban taɓa ba kowa makullin shagona ba, ko Dogo sai dai ya jira ni a bakin ƙofa. Wannan ya fi makullin shago, kuma ba na jin tsoro ko kaɗan da zai kasance a hannunki.

Na ji ma'aikata sun dawo, an tayar da inji, dole in tashi. Ki yi tunani a tsanake, ki shafa min kan wannan ɗan ƙwacen. Takardar asibiti tana cikin aljihun tebur, wurin sa hannun fari fat, tana jiran ki. Wannan alkawarin kuwa ba ya jiran kowa, shi na fara sa wa hannu.

Naki ke kaɗai, a tsaye ko a kwance, har ranar da numfashi zai ƙare,

Mijinki.