Zanen da Bronwyn Take So

Melbourne, watan Yuli

Zuwa ga ƙanwata Zdenka,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar mijinki, yaya jikoki? Ni lafiya lau nake, sai rawar hannu da ba ta kai a faɗa ba. Cokali kawai take ɗan hana ni riƙewa.

Wata yarinya mai suna Bronwyn, daga ƙungiyar masu zanen barkwanci ta nan, ta matsa mini. Wai za su baje kolin tsofaffin zanena a ɗakin nuni. Na miƙa mata waɗanda jarida ta buga tsaf, ta ƙi. Na asali take so, masu shafen farin fenti da facin takarda a inda na yi kuskure. A zamaninmu edita kaɗai ke ganin wannan.

Na ce, "'Yar nan, mutane za ku tara su yi mini dariya?"

Ta ce, "Kaka, da kake matashi ma rigimarka haka take?"

Ban yarda da ita ba. Wa zai rataye kuskuren mutum a bango don alheri? Shi ya sa ban ba ta duka ba. Duk Asabar sai ta zo da ƙafarta ta karɓi ɗaya, ta zauna shan kofi ina yi mata tambayoyi.

Allah ya ƙara miki lafiya. Ki duba kabad ɗin Mama, ki aiko mini da zanen da na yi ina yaro. Zanen da ke akwatina ya kusa ƙarewa, ni kuwa ban gama bincikenta ba.

Yayanki,
Tihomir