Za a Cire Lungunmu Daga Taswira

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kina lafiya, ke da Umma da Auta. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau nake, kada ku damu. Ɗakina tsaf yake, har da taga, sai dai babu mai leƙowa ya ce "kin tashi?" Littafin soyayyar da kika cusa min a jaka na karanta shi sau huɗu, har ni da jarumar mun zama ƙawaye.

A wurin koyon aikin, taswirar waya muke tsarawa. Dole a rage mata nauyi don ƙananan wayoyi su iya ɗauka, shi ya sa duk hanyar da masu waya ba sa bi sosai ake cire ta. Jiya na duba unguwarmu, sai ga lungunmu cikin waɗanda za a cire ƙarshen wata. Na je har bakin teburin shugabarmu zan roƙe ta, kin san ni, sannu da aiki kawai na ce na dawo.

Don Allah Yaya, ki buɗe taswirar a wayarki, ki riƙa bin lungun daga ƙofar gida zuwa famfo, safe da yamma. Ki sa maƙwabta ma su yi. Ba a nuna mana suna, ɗigo kawai muke gani. Amma ɗigon da zai tsaya surutu a kowace ƙofa, ba sai an gaya min ko na waye ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Sarkin Kunya