Sodoo Yana Buɗe Tafi

Zuwa ga Yaya Oyuna,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Yaya ƙafarta? Tumaki sun yi ƙiba kafin sanyi? Mu nan Koriya lafiya lau, aikin masana'anta yana nan yadda yake.

Ɗanki Sodoo ya shiga aji ɗaya. Malamarsu tana da wata dabara. In ta gama bayani sai ta tafa, yara su ɗaga hannu. Wanda ya gane ya buɗe tafi, wanda bai gane ba ya dunƙule, ta zo wurinsa. Tun da aka fara, Sodoo buɗewa yake yi. Shekaranjiya ta kira ni makaranta. A gabana ta ce masa da yaren Koriya ya ɗauko alli, ni ma sai da ta nuna allin na gane. Ya tsaya yana murmushi, tafinsa a buɗe.

A hanya na ce, "Kai ja'iri, me ya hana ka dunƙulewa?"

Ya ce, "Baba, in na dunƙule duk ajin juyowa suke yi. Kai ma ai ka yi ta gyaɗa mata kai. Me ta ce?"

Ban san me ta ce ba, Yaya. Na saya masa gasasshen dankali, muka ci a tsaye.

In wani zai taho, ki aiko da busasshen cuku, yana tambaya. Sannan ki tuntuɓi Inna ko za ta iya riƙe shi ya yi karatu a gida. Ban faɗa wa uwarsa ba tukuna.

Allah ya kawo sanyi mai sauƙi.

Ƙaninki,
Dorjsuren